Jirin Yunwa da Jirin Tsayuwa: Ikon Allah a Cikin Jinin Ɗan Adam

Tsarki ya tabbata ga Allah, wanda ya ɓoye manyan ayyuka a cikin ƙananan motsin da ba mu ɗauke su a bakin komai ba. Mutum na zaune a kan tabarma, a yi sallama a ƙofar gida, ya yunƙura ya miƙe. A ganinsa bai yi wani aiki ba. Alhali a daidai wannan lokaci jinin da ya kai rabin lita, wani sa'in har lita guda, ya gangara daga ƙirjinsa zuwa cikinsa da ƙafafuwansa, domin jini ruwa ne, ruwa kuwa gangare yake bi. Jinin babban mutum gaba ɗaya wajen lita 5 ne. Ke nan kashi ɗaya cikin goma ko fiye ya yi nesa da zuciya a tashi ɗaya, ga ƙwaƙwalwa can a saman komai tana jiran rabonta. Da za a yanke mata jini ɗungurungum, kafin sakan 10 mutum ya yanke jiki ya faɗi. To, me ya hana mu faɗuwa duk lokacin da muka tashi?

A gefen wuya, dama da hagu, inda babbar jijiyar da ke kai jini kai ta rabu biyu, akwai wani ɗan wuri mai kumburi. Akwai irinsa kuma a babbar jijiyar da ta fito daga zuciya. A bangon waɗannan wurare Mahalicci ya dasa wasu ƙananan jijiyoyin saƙo da ba su da aiki sai auna yadda jini ke tura bangon, bugu bayan bugu, dare da rana. Da mutum ya miƙe, turin ya ragu, nan take su sanar da gindin ƙwaƙwalwa. Kafin zuciya ta buga sau biyu ko uku umarni ya dawo: zuciya ta ƙara bugu 10 zuwa 20 a minti, jijiyoyin ciki da na ƙafa su tsuke, jini ya koma sama. Mai jikin bai sani ba, ba a nemi izininsa ba, yana can yana amsa gaisuwar baƙonsa.

Ba su kaɗai ke aikin ba. A cikin jijiyoyin da ke mayar da jini daga ƙafa akwai 'yan ƙyamare masu buɗewa sama kawai, sai jini ya wuce su rufe bayansa. Duk takun da mutum ya yi, naman sha-raɓarsa na matse jijiyoyin nan yana tura jini gaba. Wannan ne dalilin da ya sa tafiya ta fi tsayuwa cik sauƙi ga jiki. Sojan da ya ƙame a fareti cikin rana, da ɗalibar da aka tsayar a filin makaranta da safe ana dogon jawabi, su ne ke zubewa, amma mai tafiyar kasuwa yakan kai inda za shi lafiya.

Tun daga Annabi Adamu wannan tsari ke aiki, amma sai a 1603 wani masanin gaɓoɓin jiki na Italiya, Fabricius, ya wallafa bayanin ƙyamaren, sai a 1628 ɗalibinsa William Harvey na Ingila ya nuna cewa jini kewayawa yake yi. Ma'aunan wuya kuwa sai a shekarun 1920 wani Bajamushe, Heinrich Hering, ya fayyace aikinsu. Dubban shekaru mutane na tashi suna zama da wata baiwa da ko sunanta ba su sani ba.

Wanda ke son ganin wannan hikima a inda ta fi fitowa fili, ya dubi raƙumin dawa, irin waɗanda suka rage a yankin Kure, kudu maso gabas da Yamai. Kansa ya ɗara zuciyarsa da kusan mita 2, saboda haka ƙarfin turin jininsa ya kusa ninka na mutum. Da irin wannan ƙarfi ya kamata ƙafafuwansa su kumbura suntum, sai aka naɗe su da fata mai kauri, matsattsiya, wadda ba ta barin jini ya taru. Ya sunkuyar da kai ya sha ruwa, ya ɗago, bai faɗi ba. Likitoci a yau safa mai matsewa suke ba marasa lafiyar da jini ke taruwa a ƙafarsu, dabarar da dabbar nan ta zo duniya da ita. 'Yan sama jannati kuma su ne shaida ta ɗaya ɓangaren: in sun daɗe a inda babu nauyi, jikinsu yakan saki wannan horo, da yawansu in sun dawo ƙasa ba sa iya doguwar tsayuwa sai bayan kwanaki.

Wannan game da isar jini ga ƙwaƙwalwa ke nan. Saura abin da jinin ke ɗauke da shi.

Ƙwaƙwalwa ba ta fi kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin wajen kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa, kuma abincinta na yau da kullum sukari ne, nau'in da ake kira gulukos. Tana buƙatar wajen giram 120 a yini, ba ta kuma da wata ma'ajiya ta a zo a gani. A nan ne hankalina ke tsayawa kullum: duk sukarin da ke yawo a jinin lafiyayyen mutum a lokaci guda giram 4 ne ko kusa da haka, cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. A kan wannan ɗan abu tunani da magana da gani suka rataya. Mutum ya ci tuwo malmala biyu, ko ya kwana ya wuni bai sa komai a baki ba, awon nan ba ya yin nisa da inda aka ajiye shi. Allahu Akbar.

Mai riƙe da ma'aunin wata gaɓa ce a bayan tumbi, fankiriyas, wadda a cikinta wani ɗalibin likitanci a Balin, Paul Langerhans, ya hango wasu tarin ƙwayoyi a 1869 ba tare da ya san amfaninsu ba. Su ne ke fitar da insulin, mai shigar da sukari cikin tsoka da sauran sassan jiki bayan an ci abinci, da kuma gulukagon, mai umartar hanta ta saki abin da ta ajiye. Hanta na iya riƙe wajen giram 100, in kuma ajiyar ta yi ƙasa sai ta koma ƙera sabon sukari daga wasu abubuwan da ke jiki. Matakan kariyar ma a jere suke. Da sukari ya fara sauka zuwa wajen 80 a na'urar gwaji mai ƙirga da miligiram, sai insulin ya ja baya. In ya kusa 70, gulukagon da adirenalin su fito. Sai ya gangara ƙasa da haka sosai sannan mutum ya fara jin wani abu a jikinsa. Kafin ka ji komai an riga an kare ka sau biyu.

Adirenalin ɗin nan shi ne tushen ruɗanin da ya sa na ɗauki alƙalami. Jiki na sakin sa idan sukari ya faɗi, yana kuma sakin sa idan jini ya kasa hawa kai yadda ya kamata. Sakamakon iri ɗaya ne: hannu na karkarwa, zufa na karyowa, zuciya na dukan uku-uku, gaba na faɗuwa, jiki ya mutu, ga jiri. Idan maƙwabci ya kwarma ihu da tsakar dare, ihun gobara da na ɓarawo duk ɗaya ne a kunne, sai ka leƙa sannan ka san ko bokiti za ka ɗauka ko sanda. Haka wannan gargaɗin yake. An yi shi da ƙarfi don kada a yi biris da shi, aka kuma bar wa mutum hankalin da zai bincika.

A wurinmu, da wani ya ce jiri yake ji, amsar da ke bakin kowa ita ce, “Sugansa ne ya sauka, a kawo lemo.” Sai a zaunar da shi a inuwa, a yi masa fifita, a ba shi kwalbar lemo mai sanyi. Bayan minti biyar ya warware, kowa ya gamsu cewa sukari ne. Amma a duba abubuwan da aka yi masa: an zaunar da shi, an raba shi da rana, an ba shi ruwa. Kowanne daga cikin ukun nan magani ne ga jirin tsayuwa, ko da babu ƙwayar sukari a kwalbar. An ma tabbatar cewa shan rabin lita na ruwa zalla a tashi ɗaya yana ɗaga awon jinin masu wannan larura cikin mintuna kaɗan. Ta haka mutum ke shekara da shekaru yana yawo da alewa a aljihu, yana ɗura zaƙi, yana ƙiba, ainihin ciwonsa kuwa ba a taɓa shi ba. Gaskiyar magana, faɗuwar sukari ta haƙiƙa ba ta cika samun wanda ba ya shan maganin ciwon sukari ba, saboda irin tsaron da aka bayyana a sama.

To, yaya za a rarrabe? Tambaya ta farko mai sauƙi ce: me kake yi lokacin da abin ya zo? Jirin tsayuwa yana bin yanayin jiki. Yana zuwa ne da an tashi daga kwance ko zaune, ko an daɗe a tsaye a layi, ko an fito daga wanka da ruwan zafi, ko da sassafe an sauko daga gado. Ido ya yi duhu, kunne ya ɗauki ƙara, wani ya ji wuya da kafaɗu sun riƙe. Babbar alamarsa ita ce in an kwanta aka ɗaga ƙafafu, cikin minti ɗaya ko biyu duniya ta dawo daidai. Faɗuwar sukari ba ruwanta da tsaye kake ko kwance. Tana iya tashin mutum daga barci sharkaf da zufa. Tana bin lokacin abinci da na magani da na aikin ƙarfi, takan zo da yunwa mai cin rai, wani leɓɓansa su yi zugi. In ta yi nisa hali ya canja: mai haƙuri ya koma masifa, magana ta sarƙe, a tambaye shi sunan ɗansa ya tsaya kallo. Kwanciya ba ta gyara ta, sai abinci, shi ma sai bayan minti 10 zuwa 15.

Akwai wani tarko da ke kama har masu lura. Wasu sukan ji jiri da kasala bayan sun cika ciki, sai su ce sukari ne ya hau ya sauko. Yana yiwuwa, amma sau da yawa jini ne ya tafi hanji aikin narkar da abinci, ya bar sama da ƙaranci, musamman ga tsofaffi. Irin waɗannan mutane ƙara musu abinci mai zaƙi ƙara musu wahala ne. Abin da ke taimakonsu shi ne cin kaɗan-kaɗan da ɗan hutawa bayan ci.

Alamomi dai shaida ce mai rauni, awo shi ne ke yanke hukunci. Tun a 1938 wani likitan tiyata na Amurka, Allen Whipple, ya kafa sharuɗɗa uku da har yau likitoci ke bi kafin su ce mutum na fama da faɗuwar sukari: a ga alamomin, a auna jini a daidai lokacin a same shi ƙasa, sannan alamomin su gushe idan sukarin ya hau. Sharaɗi na biyun ne mutane ke tsallakewa. Gwajin da aka yi washegari bayan an karya kumallo ba ya ba da labarin abin da ya faru jiya da la'asar. Iyakar da ake lura da ita ita ce 70, a na'urorin da ke ƙirga da miligiram. A masu ƙirga da milimol 3.9 ke nan, a takardun gwaji na ƙasashen da ke bin tsarin Faransa, irin Nijar, za a ga giram 0.70 a lita. Ƙasa da 54, wato 3.0, haɗari ne da ba a jira da shi.

Awon ɗaya ɓangaren ma ba shi da wuya. Mutum ya kwanta minti 5, a auna masa jini da bugun zuciya, ya miƙe, a sake aunawa bayan minti 1 da minti 3, da wani a tsaye kusa da shi saboda faɗuwa. In lambar sama ta faɗi da 20 ko ta ƙasa da 10, jininsa na sauka da tsayuwa. Akwai kuma waɗanda awon jininsu ba ya faɗuwa, amma zuciyarsu sai ta ƙara bugu 30 ko fiye a minti cikin minti 10 na tsayuwa, ko 40 ga matasa 'yan shekara 12 zuwa 19, kuma abin ya ɗauki watanni yana maimaituwa. Wannan ita ce larurar da likitocin asibitin Mayo na Amurka suka raɗa wa suna POTS a 1993, ko da yake tun 1871 likita Da Costa ya bayyana mai kama da ita a jikin sojojin yaƙin basasar ƙasar. Ta fi kama mata, daga 'yanmatanci zuwa wajen shekara 50, takan biyo bayan zazzaɓi mai tsanani, an kuma ga ƙaruwarta bayan annobar korona. Ina jin tausayin yarinyar da ke ɗauke da wannan abu a gidan da ba a san shi ba. Za a ce lalaci ne, a ce son jiki ne, a ce tsoro ne ko iska, alhali yatsa biyu a kan jijiyar hannu da agogon waya sun isa su nuna cewa zuciyarta na aikin mai gudu ne tana tsaye wuri ɗaya.

Watan azumi, musamman in ya faɗo a bazara, shi ne lokacin da tambayar nan ta fi yawa. Lafiyayyen mai azumi da ya ɗago daga sujada ya ga duhu-duhu, mafi yawan lokuta ƙishirwa ce da zafi suka rage masa ruwan jiki, hantarsa kuwa tana nan tana riƙe da sukarinsa. Maganinsa yawaita ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur, da tashi a hankali. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan ƙwaya irin gilibenkilamaid, shi lissafinsa daban ne. Ƙa'idar da ƙungiyar ciwon sukari ta duniya ta fitar game da Ramadan ta ce ya karya azumi in awonsa ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, malamai da yawa kuma sun yi fatawa cewa tsira yatsa don gwaji ba ya karya azumi. Wanda ya halicci jikin shi ne ya yi wa mara lafiya rangwame, ban ga taƙawa a cikin ƙin karɓar sa ba.

Shi mai ciwon sukarin nan ya cancanci a daɗe a kansa, domin a jikinsa ne larurorin biyu ke haɗuwa. Ciwon in ya shekara da yawa ba a kula da shi ba yana lalata jijiyoyin saƙon da ke tsuke hanyoyin jini, sai jirin tsayuwa ya shigo. Wanda kuma sukarinsa ya saba faɗuwa, jikinsa yakan daina yi masa gargaɗi, ba karkarwa ba zufa, sai dai a ga ya rikice. Wasu magungunan hawan jini na sa jirin tsayuwa, musamman masu sa fitsari, wasu kuma na ɓoye bugun zuciyar da ke sanar da faɗuwar sukari. Ga irin wannan mutum, in abin ya zo babu na'ura a kusa, a ɗauka sukari ne a yi maganinsa, domin kuskuren ba shi zaƙi sau ɗaya ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan kuskuren hana shi. A ba shi giram 15: babban cokali ɗaya na sukari ko zuma, ko rabin kofin lemon kwalba mai sukari. A jira minti 15, a sake gwadawa, in ya dawo daidai ya ci abinci mai riƙe ciki. Wanda ya riga ya suma ba a ɗura masa komai a baki, kada ya shaƙe. A kwantar da shi a gefensa a nufi asibiti.

Yara ma a sa musu ido. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana faɗar da sukarin yaro, haka maganin kwinin yana iya yi, ga yaro da mai juna biyu. Gudawa da amai, da ƙarancin jini, da zubar jini bayan haihuwa, su kuma jirin tsayuwa suke kawowa. Masu POTS likita kan umarce su da shan ruwa lita 2 zuwa 3 a yini da ƙarin gishiri, amma wannan shawara ba ta kowa ba ce: mai hawan jini ko ciwon ƙoda ko na zuciya da ya kwaikwaye ta zai cutar da kansa.

Ɗan'uwa mai karatu, in kai ko wani naka na fama da jirin da ke zuwa yana dawowa, ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta lokacin da ya zo, da abin da ake yi a lokacin, da tazararsa da abinci da magani, da abin da ya faru da aka kwanta. In da hali a auna sukari da jini a cikin halin, kafin a sha komai, sai a kai wa likita littafin. Amma suman da ya zo ana tsakiyar aikin ƙarfi, ko ya zo da ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko shanyewar ɓarin jiki, ko karkacewar baki, wannan ba na rubutu ba ne. A tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.